Daɗin Zunubi da Ƙaryar da Muke Yi wa Yaranmu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, musamman waɗanda suka tashi a zango a tsakiyar manyan birane, inda yaro ke fita ƙofar gida ya tarar da wata duniya dabam da wadda aka koya masa a ɗaki. Idan babba ya yi masa faɗa a kan giya, ko caca, ko neman mata, ko kuɗin damfara, sai ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba. Da babban ya ba da baya sai ya dubi abokinsa ya ce, ai tsoho bai ɗanɗana ba ne. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, mu manya kuma mun ƙi amsa hakan.

Me muke gaya musu? Cewa zunubi ba shi da daɗi, mai yin sa a wahale yake kwana, kuma nan da ɗan lokaci za a ga ƙarshensa. Yaro kuwa yana da ido. Yana ganin wanda ya cinye kuɗin marayu ya ɗora bene a kan bene, ya yi ƙiba, ana ba shi kujerar gaba a wurin biki. Yana ganin mahaifinsa mai gaskiya yana cin bashin kuɗin haya. Ranar da ya ɗanɗana abin da aka hana shi ya ji da daɗi, a ransa ya gama yanke hukunci: idan sun yi mini ƙarya a wannan, sauran ma ƙarya ce. Da hannunmu muka ba shi wannan hujja.

Ni Kirista ne, kuma da abin da na gada a wannan tafarki zan yi magana. Maƙwabtana Musulmi da ke karanta wannan za su ga inda muka haɗu da inda muka rabu, ba sai na nuna musu ba.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa cewa zunubi ba shi da daɗi ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 11, da take bayanin yadda Musa ya bar fadar Fir'auna, ta amsa cewa akwai jin daɗi a abin da ya bari, sai dai mai wucewa ne. Asaf, a Zabura ta 73, ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ƙyashin mugaye da ya gani cikin ƙoshin lafiya da wadata. Ayuba, a sura ta 21, ya ƙaryata abokansa masu da'awar cewa mugu kullum yana ganin sakayya tun a nan. Ya ce wasu sukan tsufa cikin arziki su mutu salin-alin. To, idan littafin da muke riƙe da shi bai ji tsoron faɗin haka ba, mai wa'azin da ya ɓoye shi yana ganin ya fi littafin hikima ke nan?

Harshenmu ma ya riga ya raba abin gida biyu. Bahaushe yana da daɗi, yana kuma da kwanciyar rai. Daɗi a harshe yake da fata, ana jin sa a tsire mai zafi da ruwan randa da rana tsaka. Kwanciyar rai kuwa sai an kashe fitila ake sanin wanda yake da ita. Saurayin da ya ce zunubi da daɗi ya faɗi gaskiya a kan na farkon. Tambayar da ya tsallake ita ce ta biyun.

Mutumin da na fi so a kira shaida a wannan shari'a ɗan nahiyarmu ne, kuma babu mai iya ce masa bai ɗanɗana ba. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagast, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Ya yi karatu a Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, ya zama gwanin balaga har aka ba shi kujerar koyar da ita a Milan a 384, lokacin da fadar sarkin Rum ta yamma take can. Bayan ya zama bishof na Hifo, wato Annaba ta yau, ya rubuta littafin da ya tona asirin kansa a ciki, wanda aka sani da Ikirari, wajen shekara ta 397 zuwa 400. A nan ya ba da labarin wata sata da ya yi yana ɗan shekara 16. Shi da abokansa sun bi dare sun kakkaɓe 'ya'yan wani itacen marmari na maƙwabci, suka kwashi kaya niƙi-niƙi. Ba yunwa suke ji ba. A gidansu akwai waɗanda suka fi su kyau. Da ƙyar suka ɗan gatsa, sauran suka watsa wa aladu.

Masu karatu da yawa sun yi wa wannan labari dariya, suna cewa dattijo ya rasa abin kuka sai ɓarnar yara. Ni ina ganin a nan ya fi kowa zurfin ido. Ya cire yunwa, ya cire kwaɗayi, ya cire riba, don ya ga abin da ya rage a ƙasan tukunya. Abin da ya tarar shi ne daɗin karya doka don karyawar kawai, da jin cewa babu wanda ya isa ya hana shi, sai kuma tsoron kada abokai su ce masa matsoraci. Ya amsa cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari ya san wannan. Rabin abin da ake kira jin daɗin rayuwa, gudun gori ne. Yaron da ke kurɓar abin da ke ƙona masa maƙogwaro yana murmushi, idonsa a kan fuskokin abokansa yake.

Labari na biyu ya fi na farkon ciwo. A Milan, yana kan ganiyarsa, an ba shi aikin shirya jawabin yabon sarki, jawabin da ya san cike yake da ƙarya, masu tafa masa kuma sun san ƙarya ce. Yana tafe a titi zuciyarsa na dukan uku-uku, sai ya ga wani almajiri mai bara ya sha ya yi tatul, yana raha abinsa. Agustin ya juya ga abokansa ya yi ajiyar zuciya. Da 'yan kwabban da ya roƙa, mutumin nan ya sayi nishaɗin da su suke ta wahalar nema da digiri da fadanci. Bai ce mabaracin ya sami farin ciki na gaskiya ba. Abin da ya lura shi ne, shi wancan zai kwana ya tashi mayensa ya sake shi, shi kuwa mayen neman girma da shi yake kwana da shi yake tashi. Ina so masu ganin zunubi a mashaya kaɗai su tsaya a nan. A wannan titi, mai rigar mutunci ya fi mai tsumma nisa cikin ɓata, kuma ya fi shi baƙin ciki.

Sa'an nan ya bayyana yadda abin ke ɗaure mutum, kuma ban san wanda ya fi shi bayyanawa ba: so ya karkace ya zama sha'awa, sha'awa aka yi ta biya mata ta zama al'ada, al'ada aka ƙyale ta ta zama dole. Ya kwatanta shi da sarƙa mai zobba. Amininsa Alifiyus ya zama misali. Abokai suka ja shi da ƙarfi zuwa dandalin da ake kallon mutane suna kashe juna a birnin Rum. Ya rantse zai rufe ido, ya kuwa rufe. Da jama'a suka kwashe da ihu sai ya buɗe don ya ga mene ne, daga ranar nan shi ke jan wasu zuwa wurin. Ga inda maganar samarinmu ke karyewa. Suna kiran abin 'yanci. To, a gwada mana. Wanda ya ce cacar ƙwallo a waya nishaɗi ce kawai, ya ajiye ta wata guda mu gani. Idan ya kasa, wa ke riƙe da wa? Daɗin da ranar farko aka same shi da ɗari, bayan shekara ana biyan dubu a sami rabinsa, kuma a lokacin ba don a ji daɗi ake yi ba, don a huta da ƙaiƙayin rashinsa ne.

Akwai kuma abin da tambayar kanta take ɓoyewa. Idan aka ce ko zunubi yana kawo farin ciki, sai a ɗauka mai yin sa ne kaɗai a cikin lissafi. A littafin Sama'ila na biyu, sura ta 13, Amnon ɗan Dawuda ya ƙwallafa rai a kan Tamar 'yar ubansa har ya kwanta ciwon ƙarya don a turo ta ta yi masa abinci. Ya yi mata fyaɗe. Nan take ƙiyayyar da ya ji gare ta ta fi son da ya yi mata a dā, ya sa bara ya fitar da ita ya kulle ƙofa. Shekara 2 aka yi kafin Absalom ya sa a kashe shi, amma abin da ya yi ta mafarkinsa tun a ɗakin ya mutu. Ita Tamar fa? Ta ƙare a gidan ɗan'uwanta cikin kaɗaici. Shi Agustin ma yana da tasa. Matar da ya zauna da ita shekara da shekaru ba aure, wadda ta haifa masa ɗansa Adeyodatus, an sallame ta ta koma Afirka don a share masa hanyar auren 'yar manya. Ta tafi ta bar ɗanta. Shi kuwa, da ya kasa jiran amaryar ta isa aure, sai ya ɗauko wata. Ko sunan ta farkon bai rubuta ba. Ina girmama wannan bawan Allah, amma duk lokacin da na zo wurin nan sai na ji kunya a madadinsa. Kowane daɗi irin wannan akwai wanda ya biya kuɗinsa, kuma sau da yawa mace ce ko yaro.

Za a ce mini, to wanda ya yi ta ɓarna har ya mutu bai taɓa jin ko ɗar ba fa? Akwai su, kuma ba zan ƙirƙiro musu rashin barcin da ba su yi ba. Amma rashin jin zafi ba shi ne lafiya ba. Likitan nan ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu cutar kuturta a Belor ta Indiya tun daga 1946, ya nuna cewa yawancin yatsun da suke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiyoyin jin zafi ne ke mutuwa, sai mutum ya riƙe tukunya mai zafi ko ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya yi ta ƙaruwa a kan rauni. Zafin da muke gudu shi ke tsaron hannu. Lamirin da ya daina cizo haka yake. A fahimtar Kirista, mutumin da ya kwashe haƙƙin gwauruwa ya yi minshari har safe ya fi wanda ya kwana yana juyi kasancewa cikin hatsari, domin na biyun har yanzu akwai abin da ke raye a cikinsa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, ya fita ya yi kuka mai zafi, kukan nan kuwa shi ne hanyar dawowarsa.

Yanzu bari in koma kanmu, mu masu zuwa sujada ranar Lahadi, domin ba zan bar mu mu tafi da hannu wanke ba. Wasunmu sun maye gurbin tsohuwar ƙaryar da sabuwa: ka bar zunubi, Allah zai ba ka mota da biza. Wannan ciniki ne, kuma yaron da ya shiga da wannan sharaɗi zai fita ranar da motar ba ta zo ba. Wanda muke bi an gicciye shi yana marar laifi. Da wace fuska za mu yi wa mutane alkawarin cewa adalci yana biya da kuɗi hannu? Wasunmu kuma sun bar zunubin da ake gani sun rungumi wanda ba a gani. A Luka sura ta 15 kowa yana tuna ƙaramin ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ƙare a kiwon aladu. An cika mantawa da wansa. Bai taɓa saɓa umarni ba, bai taɓa barin gona ba, amma da ya ji kiɗa a gida don ƙanensa ya dawo sai ya fusata ya ƙi shiga. Shekarun biyayyarsa a wurinsa bauta ce da ba a biya shi ba, kuma abin da ya fito daga bakinsa ya nuna yana ƙirga abin da ƙanen ya ci a can. Idan yaranmu suka dubi fuskokinmu suka ga wannan wan, mai ɗaure fuska, mai ƙyashin masu shagali a ɓoye, me zai sa su yarda cewa abin da ke hannunmu ya fi nasu?

Agustin ya karɓi baftisma a hannun Ambros a Milan, daren Ista na 387, tare da ɗansa da Alifiyus. Abin da ya juyo da shi ba tsoratarwa ba ce kaɗai. Mahaifiyarsa Monika ta yi shekaru tana kuka a kansa yana ƙara nisa. Ya ji labarin mutanen da ba su kai shi ilimi ba sun ajiye abin da shi ya kasa ajiyewa, kuma ba su zama abin tausayi ba, sai kunya ta kama shi. Koyarwarsa daga baya ita ce, mai zunubi ma farin ciki yake nema, kuma abubuwan da yake bi, kyau da ƙauna da girma da hutu, Allah ne ya halicce su masu kyau. Kuskuren shi ne neman su ta ɓarauniyar hanya, da ɗora musu nauyin da Mahaliccinsu kaɗai ke iya ɗauka.

Saboda haka idan ɗanka ya ce maka da daɗi, Malam, kada ka ce masa ƙarya yake yi. Ka ce masa ka sani, in kuwa ka taɓa ɗanɗanawa ka gaya masa, ka kuma gaya masa nawa ka biya da wanda ya biya tare da kai. Daga nan ka tambaye shi yaushe rabon da ya kwanta ba tare da ya goge wani abu a wayarsa ba.