A Tambayi Giya Kafin A Sayi Babban Inji

Jama'a, yau ba zancen iri ko taki zan yi ba, zancen motar da ke kai su gona ne. Ina nufin tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948. In injinta ya gaji, sai ka ji ana ba mai ita shawara ya sa mata babba. Ni ra'ayina, kada a saya sai an tambayi akwatin giya.

Kai manomi, in ka sayar da ƙananan bijimanka ka sayo manya, kana ɗaura musu tsohuwar karkiya mai tsagu? Ka san ran da garma ta ci karo da kututture, karkiyar ce za ta karye, bijimai kuwa ko a jikinsu. To, haka mota take. Inji shi ne bijimi, giya ita ce karkiya.

Ga lissafin. Injin fetur mai lita biyu da kwata, wanda aka fara sa wa motar cikin 1958, ƙarfinsa na doki saba'in da 'yan kai ne, giyarsa huɗu ban da ta baya. Injin gas da ake kira 200Tdi, wanda ya fito cikin 1989, ya haura doki ɗari. Amma ba yawan doki ke cin haƙoran giya ba, ƙarfin murɗawa ne, na wannan kuwa ya ɗara na tsohon da fiye da rabi.

Bakanike zai ce maka, "Ai zai zauna." Gaskiyarsa, da farantin ƙarfe da 'yan kusoshi ana haɗa kusan kowane inji da kowace giya. Amma zama dabam, ɗaukar kaya dabam. Ko maƙeran motar, da suka sa mata inji mai silinda takwas cikin 1979, ba su bar tsohuwar giya ba, ta Range Rover suka ɗauko. Su da suka haife ta ba su yarda ba, kai ne za ka yarda?

Na san wani ɗan kasuwa da ya yi wannan ganganci. Farkon damina ya yi lodin takin mutanen ƙauye guda, ya kafe cikin laka, ya taka mai da ƙarfi. Sai ƙas! Kwana tara motar na daji. Kafin taki ya isa, masara ta yi ɗorawa. Shi ya yi hasarar giya, su sun yi hasarar amfani.

Wani zai ce ya ga wadda aka yi wa haka, ta shekara biyar lafiya. Ban musa ba. Mai sanyin ƙafa, wanda ba ya fizgar kuloci, ba ya cika lodi, yana iya lallaɓa ta. Amma motar gona hannu nawa ke tuƙa ta?

Saboda haka, kafin ka ba da kuɗi, yi wa bakanike tambaya huɗu. Giyar za ta jure? In an sake giya, farfela za ta yi daidai, ko sai an yanke? Sandunan da ke juya ƙafafun baya fa, waɗanda ko da ƙaramin inji sukan karye? Birki kuma zai iya tsai da abin da sabon inji ya kora?

In kuɗinka ya isa duka huɗun, bismilla. In bai isa ba, a gyara maka tsohon injin, ka riƙa yin sawu biyu maimakon ɗaya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.