Gidan Da Ba Shi Da Turke: Hunturun Mazauna Jiragen Ruwan Ingila, Da Namu Na Tahaggart

A makon jiya, bayan sallar isha'i, muna zaune gaban kaskon shayi a unguwarmu ta Tahaggart, kowa ya duƙunƙune cikin bargonsa, sai wani ƙanena mai aikin gini ya miƙo mini salularsa. Bidiyo ne na wani Bature da matarsa cikin wani siririn jirgin ruwa a Ingila. Hayaƙi na fita ta bututun rufi, dusar ƙanƙara ta rufe gaɓa, su kuwa suna ciki suna kurɓar shayi gaban murhu. Ya ce, "Malam, ka ga rayuwa! Ba kuɗin haya, ba mai gida, in wuri ya ishe ka ka kunna inji ka ƙara gaba." Yaron nan shekara biyu ke nan yana tara dinari don ya nufi arewa, shi ya sa maganarsa ta tsaya mini a rai.

Ban ga laifinsa ba. Mu nan Tamanrasset kwarin da ya ratsa gari busasshe ne kusan duk shekara, ruwan da muke sha ma ta bututu ake turo shi daga In Salah, tafiyar kusan kilomita 750, tun 2011. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, in ya ga gida bisa ruwa dole ransa ya biya. Amma da na bi diddigin lamarin, abin da na tarar ya fi kama da zaman da muke yi a nan fiye da hutun da ke cikin bidiyon.

Talauci ne ya fara shigar da iyali cikin jirgi

Hanyoyin ruwan nan, waɗanda ake kira kanal, haƙa su aka yi da hannu don jigilar kaya. Wadda ta yi suna a farko ita ce ta Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal birnin Manchester. Da yake ƙasa ba shimfiɗe take ba, sai aka gina wasu ɗakunan ruwa masu ƙofofi, jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ya hau sama, ko a rage ya sauka. Da yawa daga cikin ɗakunan nan faɗinsu ƙafa 7 ne, shi ya sa jirgin bai wuce mita 2 da 'yan kai a faɗi ba, ko da tsawonsa ya kai mita 21. Doki ne ke jansa da igiya daga gaɓa.

Da jirgin ƙasa ya zo ya kwashe ciniki, kuɗin dako ya faɗi, matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida a tudu. Sai suka kwaso mata da 'ya'ya suka cusa su a ɗan ɗakin bayan jirgi, wanda tsawonsa bai fi mita 3 ba, iyalin kuma suka zama ma'aikata ba albashi. 'Ya'yansu suka tashi ba karatu, tunda yau suna nan gobe suna can. Wani mutum mai suna George Smith ya yi ta fafutika har majalisa ta yi doka a 1877 kan rajistar jiragen da cunkoso a cikinsu, aka ƙara mata ƙarfi a 1884 ta shafi karatun yara. Sana'ar dakon kuwa hunturu ne ya ƙarasa ta: a sanyin 1962 zuwa 1963 ruwa ya daskare makonni da dama, jirage suka maƙale, masu kaya suka koma wa manyan motoci, ba su dawo ba.

Yau tarihi ya sake zagayowa. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar hanyoyin a 2012, tana kula da mil kusan 2,000 a Ingila da Wales, da jirage masu lasisi wajen 35,000. Akasarinsu na shaƙatawa ne. Sai dai a birane irin su Landan, inda jiragen suka haura 4,000, tsadar haya ta tura ma'aikata da ɗalibai da tsofaffi su mai da jirgi gida. Akwai masu son rayuwar don kanta, amma da yawa aljihu ne ya zaɓa musu.

Dokar kwana 14

Mazauna ruwan iri biyu ne. Akwai mai turke, wato wanda ya yi hayar wurin ɗaure jirginsa na dindindin. Irin wannan wuri yana da tsada, a Landan ma samunsa aiki ne. Sai kuma marar turke, wanda dokar 1995 ta yarda ya zauna a ruwa bisa sharaɗi: kada ya wuce kwana 14 a wuri guda, kuma tafiyarsa ta zama ta gaske, ba kai-komo tsakanin gada biyu ba. Hukumar na sa ran a shekara tazarar yawonsa ta kai kamar mil 20. Ma'aikatanta na bin gaɓa suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi. Wanda aka ga bai motsa sosai ba, a gajarta masa lasisi, in ya ci gaba a hana shi, ƙarshenta a kai shi kotu a fitar da jirgin daga ruwa. Ka tuna jirgin nan shi ne ɗakin kwanansa.

Tun watan Afrilun 2024 kuma aka ɗora wa marasa turke ƙarin kuɗin lasisi, wanda aka tsara zai riƙa hawa shekara-shekara har ya kai kashi 25 cikin ɗari. Ita ma hukumar tana da hujjarta. Hanyoyin sun haura shekara 200, gyaransu na cin kuɗi, gwamnati kuma ta sanar a 2023 cewa daga 2027 za ta riƙa rage tallafin da take bayarwa. A ranar 1 ga Janairun 2025 ma gaɓar tsohuwar kanal ɗin Bridgewater, wadda wani kamfani daban ke riƙe da ita, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Hukumar ta ce marasa turke sun fi kowa amfani da famfuna da wuraren tsayawa. Su kuwa, ta bakin ƙungiyarsu ta National Bargee Travellers Association, cewa suke ana so ne a kore talaka daga ruwa a bar masu hali.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A hunturu ruwan sha a tanki yake, in ya ƙare sai an tuƙa gida sukutum zuwa famfon gaɓa, a gudun da bai wuce mil 4 a awa ba, wataƙila ka isa ka tarar famfon ya daskare. Wutar lantarki daga batir take, ga shi a Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, sola ba ta kawo abin kirki, sai an kunna inji ana ƙona dizal, kuma sharaɗin lasisi ya hana kunna shi a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Ɗumi daga murhun kwal ko itace yake, in wutar ta mutu cikin dare ka farka jikin ƙarfe ya yi gumi, katifa ta jiƙe. Ban-ɗaki kuwa akwati ne da ake cirewa a ɗauka a hannu zuwa wurin zubarwa, ta hanyar da ta zama caɓi.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne kuma ake rufe sassan hanyoyin don gyaran ƙofofi, don haka wanda bai duba jadawali ba sai ya tsinci kansa a tsare, famfo na wancan gefe. In ruwa ya daskare ana ɗaga wa mutum ƙafa ya zauna, don fasa ƙanƙara na kankare baƙin fentin da ke kare jirgi daga tsatsa. Mai kuɗi na iya sayen turken hunturu na 'yan watanni ya huta. Wanda ba shi da su, ranar 14 ta cika ya kwance igiya da daskararrun yatsu.

Duk wannan jiki na iya sabawa. Abin da ya fi ciwo shi ne rashin adireshi. Rajista a asibiti, asusun banki, wasiƙar hukuma, kowanne sai an tambayi inda kake zaune. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta raba tallafin fam 400 na makamashi a hunturun 2022, ta hannun kamfanonin lantarki aka bi, marasa turke ba su da mita, sai aka tsallake su, sai daga baya a 2023 aka waiwaye su bayan ƙorafi. Iyaye masu yara a makaranta kuwa kullum cikin lissafi suke: yadda za su yi nisan da hukuma ke so ba tare da yaro ya rasa aji ba. Matsalar da George Smith ya yi kuka a kanta tana nan da ranta.

Mu ma marasa turke ne

A nan ne labarin ya iso ƙofar ɗakina. Ni malami ne, na fito daga makarantar horar da malamai a gida Nijar, yanzu ina koyar da 'ya'yan 'yan uwanmu a wani ɗan ɗaki a Tahaggart. Littafin kiran sunana cike yake da sunayen da na ja wa layi. Yaro ya fara haɗa baƙi, sai wata safiya a ce iyayensa sun koma wata unguwa don mai gida ya ƙara haya, ko sun tafi wani gari neman aiki, ko an kwashe su. Wanda ya zo a madadinsa ba ya zuwa da wata takarda da za ta nuna inda ya tsaya, sai mu koma farko.

Garin nan yana kan tudu, sama da mita 1,300, sanyin Janairu na shiga ƙashi. Da yawa cikinmu ɗakin bulo muke haya, wasu a kangon da suke aikin gininsa suke kwana. Ba wanda ya rubuta mana dokar kwana 14, amma duk wanda ba shi da takardar zama ya san bai kamata ya saba da wuri ɗaya ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum sama da 30,000 da aka mayar Nijar daga Aljeriya a 2024. Wasu a ayarin motoci na hukuma, wasu a sauke su a wurin da ake kira Point Zéro su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Wanda aka sauke a can da asubahin hunturu, da rigar da aka kama shi da ita, shi zai ba da labarin sanyi.

Kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Baturen cikin jirgi ɗan ƙasa ne, yana da lasisi, da ƙungiya, da kotun da zai kai kuka, in ya gaji ya sayar da jirgin. Namu ba shi da ko ɗaya. Aljeriya kuma tana da dokarta ta 2008 kan shiga da zaman baƙi, kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. Amma darasin ɗaya ne: hukuma a ko'ina da mai adireshi take aiki, mai yawo kuwa sai ya yi ta tabbatar da cewa yana nan. In har ɗan ƙasa a Ingila yana fama haka don ba shi da turke, ina ga baƙon da ya sauka ba takarda, ba harshe, ba dangi?

Akwai ma haɗarin da ya haɗa mu kai tsaye. A can, tun 2019 aka wajabta wa jiragen kwana sanya na'urar da ke ƙara in iskar guba ta murhu ta taru. A nan Aljeriya wannan iska na kashe mutane kowane hunturu, har Sonelgaz ta shiga sanya irin na'urar a gidaje. Amma gidan da ke da mita ake bi, kangon gini ba ya cikin lissafi. Mu kuwa kaskon gawayi muke shigarwa ɗaki mu toshe kowace kafa da tsumma. Don Allah 'yan uwa, a fitar da kasko kafin a kwanta, iskar nan ba ta da wari, barci kawai take sa mutum.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da ikon sauya dokar kowa, amma akwai abin da za mu iya. Iyaye su daure su je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke garin nan su nemi katin ɗan ƙasa mazaunin waje, su kuma yi wa jariransu rajista, don yaron da aka haifa a nan ba takarda ya zama ba ya nan ba ya can. Mu malamai kuma, na allo da na boko, mu haɗa kai mu riƙa ba kowane yaro ɗan kati mai sunansa, da shekarunsa, da inda ya kai a karatu, uwarsa ta adana shi tare da kuɗinta. In tafiya ta kama, malamin Agadas ko na Kance ya san inda zai ɗora. Ni na fara da nawa ɗaliban a wannan wata, da kwali da biro.

Shi kuwa ƙanen nawa, da na gama zayyana masa lissafin famfo da batir da ranar 14, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ai ko a nan haka muke." Na ce masa haka ne, sai dai daga nan mota ɗaya ce zuwa gida. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban matsa masa ba. Na dai roƙe shi kafin ya miƙa wa kowa kuɗin guminsa, ya nemi wanda ya yi hunturu biyu a can ya tambaye shi inda yake kwana. Allah ya ba mu mafita, ya kai matafiyanmu gida lafiya.