Zauren Iyali: Kunyar ɗan fari da haƙƙinsa a kan mahaifa

 

Ya ku ƴan'uwa iyaye, a wannan karo za mu tsaya a kan wata al'ada da muka gada kaka da kakanni, wato kunyar ɗan fari. Kowa ya san yadda take. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce «yaron nan» ko «wancan». Ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya faɗi tana kallo sai ta kau da kai, ta jira wani ya ɗaga shi. Uba ma haka, ya rungumi ɗan maƙwabci amma ya ɗaure wa nasa fuska.

Kafin mu soki magabata, ya kamata mu san abin da ya sa al'adar ta ɗore. A gidan gandu, ɗan fari bai taɓa rasa mai lallashi ba. Kaka na nan, gwaggo da inna na nan, sau da yawa ma bayan yaye wajen kaka ake kai shi, ta goya shi, ta yi masa kirari, ta ɓoye masa ƙosai. Uwa tana kawaici ne domin ta san akwai masu cike gurbinta.

Yau fa? Ango da amarya sun kama ɗakin haya a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, kaka tana ƙauye, uba ya fita tun asuba neman abinci. Muka baro kaka a can, muka taho da kunyar. Idan uwa ta kau da kai a irin wannan gida, to babu kowa bayanta. Yaro ba ya fahimtar kawaici. Abin da yake gani shi ne ana ɗaukar ƙanensa ana yi masa rawa, shi kuwa ba a kiransa sai in za a aike shi ko za a yi masa faɗa. Daga nan ne hassada tsakanin ƴan ɗaki ɗaya take tsira, daga nan ne kuma ake samun saurayin da zai shiga matsala ya gaya wa abokai a fada, iyayensa su zama na ƙarshen ji.

Kunya tana cikin imani, wannan babu shakka. Sahabbai sun siffanta Manzon Allah (SAW) da cewa ya fi budurwa a ɗakinta kunya. Duk da haka, alkunyarsa Abul Ƙasim ce, wato sunan ɗansa na fari ake kiransa da shi a bainar jama'a. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya nuna masa cewa wanda ba ya jinƙai, shi ma ba za a ji ƙansa ba. Ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, yakan gajarta salla idan ya ji kukan jariri domin kada hankalin uwar ya tashi. Da tsuntsun wani ƙaramin yaro, ƙanen Anas ɗan Malik, ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Da Bashir ya keɓe ɗansa Nu'umanu da kyauta ban da sauran, ya ƙi zama shaida, ya umarce shi da adalci tsakanin ƴaƴansa. Idan an hana fifiko a dukiya, yaya fifiko a sakin fuska?

Binciken likitoci ma ya zo daidai da wannan. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara ƙanana na gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu ana ziyartar gidajensu mako-mako har shekara 2, ana koya wa iyaye mata yi musu wasa da hira da yabo. Bayan kimanin shekara 20 aka sake nemo su, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da wajen kashi 25 cikin 100. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi shimfiɗar tabarma.

To, me za mu yi? Uwar da bakinta ya yi nauyi wajen kiran sunan, musamman in sunan suruki ne aka mayar, ta zaɓa masa laƙabi mai daɗi wanda zai san nasa ne shi kaɗai. Idan ya yi kuka, mu fara tambayar abin da ya same shi kafin mu tsawata. Idan ya dawo daga lakwal ko makarantar allo, mu saurari labarinsa har ya kai aya. Uba ya riƙa hannunsa zuwa masallaci, ya yabe shi a gabansa in ya yi abin kirki, ya sa masa albarka da murya yadda zai ji. Ku kuma surukai da maƙwabta, ku daina yi wa yarinya dariya kuna ce mata marar kunya don ta rarrashi ɗanta, domin tsoron bakinku ne yake ɗaure hannunta.

Waɗanda ƴaƴansu na fari suka riga suka girma, ƙofa ba ta rufe ba. A kira shi, a nemi shawararsa a kan sha'anin gida, a gaya masa ana alfahari da shi. Magidanci mai shekara 40 ma yana jin sanyin wannan magana daga bakin mahaifiyarsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana.