Ra'ayinmu: Kafin sanƙarau ya shiga jami'a, a shiga gabansa

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙura ta rufe sararin sama, kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Daga watan Janairu har zuwa faɗuwar damina lokacin sanƙarau ne. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana bi ta tari da atishawa daga mutum zuwa mutum. Inda jama'a suka cunkushe a ɗaki ɗaya, nan ta fi samun wurin zama.

To, a duba ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa. Wanda ya samu gado yakan sauke ɗan garinsu da bai samu ba, wannan ma ya kawo abokinsa. Waɗanda ke haya a cikin gari su ma haɗa kuɗi suke yi su kama ɗaki guda. Da safe a cika zauren karatu, da rana a yi layi a gidan cin abinci. Ga shi kuma yawancinsu ba su kai shekara 30 ba, wato suna cikin rukunin da wannan cuta ta fi kamawa.

Ba mu manta da 2015 ba. A shekarar, sanƙarau nau'in C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, har gwamnati ta rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki a watan Afrilu. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma ba ta kare mutum daga C. Iyaye suka yi ta layi a kantunan magani, maciya amana suka shigo da jabun allura, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. A ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 cutar ta sake ɓulla a jihar Damagaram.

Abin da muka saba gani idan annoba ta zo shi ne rufe makaranta. Haka aka yi a watan Maris na 2020 lokacin korona. Wani lokaci hakan kan zama dole, amma ga ɗalibin jami'a rufewa tana da tsada. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa ba tare da ya ji komai ba. Idan aka ce kowa ya kama gabansa, sai ya shiga motar Tasawa ko ta Ƙonni ya kai ta ƙauyen da asibiti ke da nisa. Wanda ba shi da kuɗin mota kuwa ya zauna cikin gari, babu abincin jami'a, babu likita. Shekarar karatu, wadda dama takan zarce lokacinta, ta ƙara tsawo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu akwai allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar, A da C da W da Y da X, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka yi amfani da ita a 2024. Muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta ilimi mai zurfi su sa ɗaliban jami'a cikin sahun gaba, a kai allurar har harabar makaranta, kyauta, tun kafin a ji labarin mutum na farko. Hukumomin da ke kula da kwana da abincin ɗalibai su tabbatar ɗakin shan magani na buɗe dare da rana, da motar da za ta kai maras lafiya babban asibiti nan take. Kuɗin tallafin karatu kuma a biya su kan kari. Ɗalibin da aljihunsa ya bushe ba ya zuwa asibiti, sai ya sayi ƙwaya a bakin titi ya kwanta yana cewa masassara ce.

Wannan kwanciyar ita ce ke kisa. Sanƙarau na iya ɗaukar rai cikin kwana guda, wanda ya tsira kuma yana iya rasa jinsa har abada. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske ko ruɗewa: duk ɗalibin da ya ga waɗannan a jikin abokin ɗakinsa, ya kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Akwai magani, kuma yana aiki idan aka fara da wuri. Sauran ƴan ɗakin su ma su gaya wa likita sun kwana tare da shi. A buɗe tagogi, a rufe baki in za a yi tari, a daina shan ruwa da moɗa ɗaya.

Ƙungiyar USN, wadda ta iya tara dubban ɗalibai cikin awa guda idan maganar haƙƙinsu ta taso, tana da rawar takawa. Ta sa allurar rigakafi cikin jerin buƙatunta, ta naɗa masu sa ido a kowane ginin kwana.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Kwatano, Legas, Aljeriya ko Turai, da yawanku ku ne ke riƙe da karatun ƙannenku. In kun kira, ku tambaye su ko an yi musu allura. In za ku aiko da kuɗinta, ku ja kunnensu su je asibiti ko kantin magani mai lasisi, kada su yarda da wanda ya ce yana da ita da araha.

Iyaye sun sayar da hatsi da dabbobi kafin yaran nan su kai jami'a. Kare su daga cutar da aka san lokacin zuwanta, aka kuma san allurarta, nauyi ne a wuyan magabata, kuma bana ne ya kamata a sauke shi.