Bikin aure ba wurin koyon ɗaukar hoto ba ne

Tun da wayoyi masu kyamara mai kyau suka yawaita, matasa kuma suka fara sayen kyamarorin Canon da Nikon na hannu, kusan kowane gida ya samu nasa mai hoto. Da an sa ranar biki sai ka ji wata gwaggo ta ce: "Me zai sa a kashe kuɗi? Ga Wane nan, ai ya iya." Yaro kuma, tsakanin murna da jin nauyi, sai ya amsa. A ganina bai kamata ya amsa ba, su ma dangi bai kamata su ɗora masa ba.

Dalili shi ne, biki ba a maimaita shi. Ɗauki ɗaurin aure. Daga lokacin da wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, aka ambaci sadaki, zuwa shafa Fatiha, sau da yawa 'yan mintoci ne. Idan kana can kana lalube a jikin kyamara, ya wuce ka, kuma ba za ka ce wa liman ya sake ba.

Sai batun haske, wanda shi ne ke tona asirin ɗan koyo. Yawanci ana ɗaura aure da hantsi ko bayan sallar Juma'a, rana na dukan farar shadda. Kyamarar da aka bari tana saita kanta za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskoki su fito da duhu. Ka ƙara haske, aikin da ke wuyan babbar riga ya ɓace. Gwani ya san ya ja ango zuwa inuwar rumfa, ya kuma ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ba da damar gyara daga baya. Da dare matsalar ta juya: zauren dina da fitilu masu launi, ana rawa ana liƙi, hoto ya fito dishi-dishi, kwalliyar amarya ta koma shuɗiya. Ga batir da zai iya mutuwa babu wutar caji, ga katin memori guda ɗaya da idan ya lalace, bikin kaf ya tafi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne amana. A wurin kamu da sa lalle, mata suna sakewa ne saboda sun san cikin gida suke. Ɗan koyo kuwa yana ƙishirwar abin da zai nuna a Instagram ko TikTok don ya samu kwastoma. Hoton matar wani babu mayafi, da zarar ya hau intanet, ba ya dawowa, kuma yana iya haddasa rigimar da za ta daɗe fiye da bikin. Riƙe kyamara bai ba ka izinin wallafa fuskar kowa ba.

Wani zai ce, to a ina yaro zai koya idan ba a ba shi dama ba? A inda tela da kafinta suke koya: a gaban ubangida. Ya bi gwani bukukuwa da dama, ya riƙe masa fitila, ya ɗauki hotunan gefe, ya lura da inda yake tsayawa kafin abu ya faru. Ya gwada hannunsa a taron da ba a gaggawa, inda za a iya cewa a sake.

Gaskiya ne kuma ba kowane gida ne ke da kuɗin ɗaukar ƙwararre ba, musamman a wannan tsadar rayuwa. Idan ya zama dole, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa wa ango da iyayen amarya cewa wannan ne karonka na farko. Ku rubuta hotunan da ba za a yafe ba: iyaye, kakanni, waliyyai, kai amarya. Ka nemi wanda ya san dangi ya riƙa nuna maka su. Ka je wurin taron tun ana gobe, ka gwada haske. Ka tanadi batir biyu da memori biyu, ka kwafe komai wuri biyu a daren, kafin ka kwanta. Ɓangaren mata kuma, in da hali, mace ta ɗauka.

Ku kuma dangi, ku tuna araha ba ta ado. Ƙwararre idan ya ɓata aiki, kuɗi za a yi jayayya a kai. Ɗan gida idan ya ɓata, zumunci ne zai ji jiki, kuma amarya za ta riƙa ganinsa a kowane taron dangi tana tuna hoton kakarta da babu.