Wa ya ce allura ta mata ce?

Ina da ja da iyayen da ke cewa wanki da ɗinki ba aikin ɗa namiji ba ne. Ku zaga kasuwar Ɗan Issa: tela namiji ne, mai wanki da guga namiji ne, mai wankin hula ma haka. Aikin da ake biyan namiji a kansa, ta yaya ya zama abin kunya in ya yi wa kansa?

Da aka rufe iyaka a 2023, hanyar Jibiya ta tsaya, kowa ya ɗanɗana tsadar sabulu da yadi. Duk da haka saurayi zai jingine riga don maɓalli ɗaya ya cire, ya matsa wa ubansa sai an ɗinka sabuwa. Wannan ba gayu ba ne, lalaci ne, kuma mu muka shuka shi.

Iyaye, ku ba yaro allura da zare, ku koya masa hura gawayi a dutsen guga da shanya shadda a inuwa don kada ta koɗe. Malamai, ranar duba tsabta ku tambayi ɗalibi wa ya wanke rigarsa. In ya ce ƙanwarsa ce, to da sauran karatu.