Alfadari, Bunaji da Kalmar "Jinsi"



Akwai kalmar da muke ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, wato "jinsi". Da ita muke cewa jinsin mata, da ita muke cewa jinsin baƙar fata, idan kuma muka zo rubutun kimiyya mu ce jinsin zaki. Abubuwa uku ne mabambanta. Na ukun shi masana halittu suka yi wa ma'ana ta musamman, kuma mai son rubuta kimiyya da Hausa dole ya san ta.

Ma'anar da aka fi koyarwa ita ce ta Ernst Mayr, masanin tsuntsaye haifaffen Jamus, a littafinsa na 1942. A taƙaice, rukuni ne na halittu da ke barbara a tsakaninsu, su haifi 'ya'yan da su ma za su iya haihuwa, ba tare da suna cakuɗuwa da wani rukunin ta wannan hanya ba.

Mu ɗauki alfadari. Jaki ya hau goɗiya, an sami ɗa mai ƙarfi da juriyar ɗaukar kaya, amma zuri'a ta tsaya a kansa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙunshin gado da ake kira kuromozom. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, kuma ba sa jeruwa bibbiyu yadda haihuwa ke buƙata. Saboda haka doki daban, jaki daban, duk da kusancinsu. Larabawa ma suna tsokanar alfadari, wai in an tambaye shi ubansa sai ya ce doki ne kawunsa.

Sai kuma shanu. Bunaji fari ne, Rahaji ja ne mai dogon ƙaho, Gudalin Sakkwato kuwa ƙahonsa gajere. A ido sun sha bamban, amma kowane makiyayi ya san suna barbara, maruƙansu kuma su girma su haihu. Rukuninsu ɗaya, iri ne ya bambanta.

Gaskiya ma'anar Mayr tana da giɓi. Ba ta aiki a kan bakteriya da ke yaɗuwa ta hanyar rabewa biyu, ba a iya gwada ta a kan dabbar da ƙasusuwanta kaɗai suka rage, kuma jefi-jefi ana samun alfadara ta haihu. Masana na nan suna muhawara. Amma giɓin bai ba mu damar jefa kalmomi yadda muka ga dama ba.

Inda abin ya fi damun mu shi ne kan mutane. Yaron da ya karanta "jinsin doki da jinsin jaki" a shafi ɗaya, ya juya ya ga "jinsin baƙar fata da jinsin Turawa", me zai ɗauka? Alhali Bahaushe da Basine da Bature rukuni ɗaya ne a kimiyyance, sunansa Homo sapiens, suna auratayya, jikokinsu na haihuwa.

Shawararmu ita ce mu bar wa "jinsi" namiji da mace, kamar yadda malaman nahawu ke amfani da ita. Rukunin Mayr mu kira shi "nau'in halitta". Bunaji da Rahaji, ko jar akuyar Maraɗi, mu ce "iri", kalmar da manomi ke amfani da ita a kan dawa da masara. Ga mutane kuwa muna da "ƙabila" da "al'umma" da "launin fata", sun ishe mu.